Bizar masu aiki ta intanet: yadda take, da matsayin matashin gabashin Sakkwato a cikinta

Bizar masu aiki ta intanet izinin zama ce da wata ƙasa ke bai wa baƙon da abincinsa ke fitowa daga waje: mai rubuta manhajar kwamfuta, mai zane, mai fassara, mai tace bidiyo, ko ma'aikacin kamfanin da ofishinsa ke wata ƙasa dabam. Sharaɗinta na farko shi ne kada baƙon ya karɓi aikin ɗan ƙasa. Zai zauna, ya biya haya, ya ci ya sha, amma albashinsa daga ƙetare zai riƙa shigowa. Nan ta bambanta da bizar aiki, wadda sai wani kamfani na ƙasar ya ɗauki mutum, da kuma bizar yawon buɗe ido, wadda a yawancin ƙasashe ba ta halatta yin aiki ba.

Annobar korona ce ta yayata ta. Da otal-otal suka koma kango a 2020, tsibirin Barbados ya buɗe shirinsa a watan Yuli, yana neman mai samun dala 50,000 a shekara da kuɗin shiga dala 2,000. Istoniya ta biyo baya a watan Agusta. Fotugal ta fara tata a Oktoban 2022, Sifaniya a farkon 2023. A Afirka akwai Mauritius da Cape Verde tun 2020, Namibiya a 2022, Afirka ta Kudu a 2024. Yau ƙasashen da ke da irin wannan biza sun haura 50.

Farashin ƙofa

Abin da ya raba masu samu da masu kallo shi ne ma'aunin kuɗin shiga. Fotugal tana neman ninki huɗu na mafi ƙarancin albashinta, wanda a 2025 ya kama yuro 3,480 a wata. Istoniya tana neman yuro 4,500. Sifaniya ta tsaya kan ninki biyu na nata mafi ƙarancin albashin, Namibiya kuma dala 2,000 a wata. A canjin 2025, abin da Fotugal ke nema ya kusa naira miliyan shida kowane wata, wato ya haura ninki 80 na naira 70,000 da Najeriya ta amince da shi a matsayin mafi ƙarancin albashi a Yulin 2024. Ƙasashen ba su ɓoye manufarsu ba: masu kashe kuɗi suke nema. Wanda ke samun dala 300 ko 400 a wata a Upwork ko Fiverr, kuɗin da a Wurno zai riƙe gida har ya taimaka wa dangi, ba shi aka yi wa wannan ƙofa ba.

Misalin Brazil yana nuna cewa ba kuɗi kaɗai ne ma'auni ba. Ɗan Brazil mai aiki ta intanet yana da hanyoyin da ɗan Najeriya ba shi da su. Yarjejeniyar zama ta ƙungiyar Mercosur, wadda ta fara aiki a 2009, ta ba shi damar zaman shekara biyu a ƙasashe irin su Ajantina da Uruguay, daga baya ya nemi na dindindin, ba tare da wani kamfani ya tsaya masa ba. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙasashe masu magana da harshen Fotugal, da aka sanya wa hannu a Luanda a 2021, ta sauƙaƙa masa zama a Fotugal, kodayake Lisbon ta tsaurara dokokinta a 2025. Fasfonsa yana shigar da shi yankin Schengen na kwana 90 babu biza. Ita kanta Brazil ta buɗe tata bizar a Janairun 2022, da sharaɗin dala 1,500 a wata ko ajiyar dala 18,000 a banki, ɗaya daga cikin ma'aunai mafiya sauƙi.

Takardu

Ko wanda ya cika ma'aunin kuɗi, takardu na iya kayar da shi. Ana neman fasfo mai sauran kwana, kwangilar aiki a rubuce, bayanan banki na watanni, inshorar lafiya, adireshin masauki, da takardar 'yan sanda mai shaidar cewa ba a taɓa kama mutum da laifi ba. Kuɗin fasfon Najeriya mai shafi 32 ya koma naira 100,000 daga 1 ga Satumba 2025, mai shafi 64 kuma naira 200,000.

Akwai wani cikas da ba kasafai ake ambatonsa ba. Brazil ta shiga yarjejeniyar Hague ta tantance takardu a 2016, don haka hatimi ɗaya ya ishe ɗan ƙasarta. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar. Takardar ɗan Najeriya sai ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ta je ofishin jakadancin ƙasar da ake nufa a sake buga mata hatimi. Ga mutumin Rabah, wannan tafiya ce ta yini guda cur a mota kafin ma a fara layi, kuma da wuya a gama a zuwa ɗaya.

Bayanan banki su ne suka fi tona asiri. Matasa da dama suna karɓar ladansu ta asusun aboki, ko ta kuɗin kirifto, musamman a tsakanin Fabrairun 2021 da Disambar 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya haramta wa bankuna mu'amala da shi. Kuɗin da ya shigo ta haka an ci shi an ƙoshi, amma a idon jami'in biza tamkar bai taɓa wanzuwa ba. Abin da jami'in ke dubawa shi ne sunan mai biya da ya dace da na kwangila, da kuɗin da ke faɗawa asusun mai nema da sunansa, wata bayan wata.

Me ya kai wannan magana gabashin Sakkwato?

Fita neman abinci ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953, wadda masanin ƙasa Mansell Prothero ya yi nazarinta, ta nuna sama da mutum 250,000 sun fita cin rani daga tsohon Lardin Sakkwato, wasu zuwa kudancin Najeriya, wasu har ƙasar Gana ta yau. Abin da ya sauya shi ne dalilin fitar. A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, ciki har da Rabah da Goronyo, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Ana cikin wannan hali aka kai hari kasuwar Goronyo ranar 17 ga Oktoba 2021, inda hukumomi suka tabbatar da mutuwar mutum 43. Ga manomin albasa a bakin madatsar Goronyo, katse layi wahala ce. Ga mai aiki ta intanet, rufe shago ne baki ɗaya, domin wanda ya ba shi aiki daga Landan ko Dubai ba zai jira layi ya dawo ba.

Saboda haka tambayar da ke gaban irin wannan matashi ba ta Lisbon ba ce tukuna. Tambayar ita ce inda zai zauna bisa doka, da wuta da layi da kwanciyar hankali, da kuɗin da yake samu a yanzu. Amsar farko tana cikin gida: birnin Sakkwato, Kano ko Abuja. Ta biyu tana cikin wata takarda da ta girmi yawancin masu wannan sana'a.

Yarjejeniyar 1979

Ranar 29 ga Mayu 1979 shugabannin ECOWAS suka sanya hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda aka tsara hawa uku: shiga babu biza na kwana 90, 'yancin zama da aka ƙara a 1986, da 'yancin kafa sana'a a 1990. A ƙarƙashinta ɗan Najeriya zai iya shiga Gana, Senegal, Kwaddibuwa, Benin ko Togo ba tare da nuna albashin yuro ba. Idan zai wuce kwana 90, sai ya nemi katin zama daga hukumar shige da fice ta ƙasar. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin sun ɗauka rashin biza yana nufin zama ba iyaka.

Tarihi ma bai bar kowa ya saki jiki ba. Gana ta kori baƙi a 1969 ƙarƙashin Kofi Busia, har da Hausawan zango. Najeriya ta yi nata a Janairun 1983 zamanin Shehu Shagari, ƙasa da shekara huɗu bayan Dakar. A 2019 da 2020 an rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Accra bisa dokar Gana ta 2013 da ta wajabta wa baƙon ɗan kasuwa jarin dala miliyan ɗaya. Mai aiki ta intanet ba ya cikin masu sayar da kaya, amma lamarin ya nuna cewa idan dokar ƙasa ta ci karo da takardar ECOWAS, ta ƙasa ce ke aiki a bakin titi.

Maƙwabciyar da ta fi kusa kuwa ta fita daga ƙungiyar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, an rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni har zuwa Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso ta tabbata. Ƙawancen ƙasashen uku ya sanar a Disambar 2024 cewa 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga da zama babu biza, tare da riƙe ikon hana wanda suka ga dama, ita ma ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar 'yan ƙasashen har zuwa sanarwa ta gaba. Ma'anar haka ita ce zaman ɗan Goronyo a Maraɗi ko Tawa ya tashi daga haƙƙin yarjejeniya ya koma alfarmar da sanarwa ɗaya za ta iya janyewa. Dubban mutanen gabashin Sakkwato da suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi tun 2019 suna ƙarƙashin wani matsayi dabam, na gudun hijira, wanda dokokinsa ba ɗaya suke da na mai neman katin zama ba.

Saura haraji. Ƙasashe da yawa suna ɗaukar wanda ya kwana 183 a cikinsu cikin shekara a matsayin mazaunin da ya cancanci biyan haraji, ko da bizarsa ta ce baƙo ne. Sabuwar dokar harajin Najeriya, da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2025 don ta fara aiki a Janairun 2026, ta ɗora haraji kan abin da mazaunin Najeriya ya samu daga ko'ina a duniya, ta kuma yafe naira 800,000 na farko a shekara. Wanda ya raba shekararsa tsakanin Sakkwato da Accra yana iya samun hukumomi biyu suna neman kaso daga kwangila ɗaya, kuma hujjar da kowaccensu za ta fara dubawa ita ce hatimin shiga da fita da ke cikin fasfonsa.