Jan Fenti a Bangon Abuja

Duk wanda ya taɓa ɗora bulo a Abuja ya san rubutun nan, ko da bai taka ƙofar makarantar boko ba. Jan fenti ne da manyan baƙaƙe, STOP WORK, sai kwanan wata a ƙasa, sai wani ƙaton gicciye a gefe. Ni birkila ne, na zo daga Zariya tun Babangida yana Barikin Dodan a Legas, kuma na sha ganin lebura ɗan sabon zuwa ya haddace wannan Turanci kafin ya iya tambayar kuɗin mota da shi. A bakinmu ba ma karanta shi. Cewa muke yi, "An sa mana ja."

Jan nan hawa-hawa ne. Na farkon da mai gini yake magana, wanda gininsa bai kai linta ba: ka dakata, ka kawo takardunka. Shi wannan akwai sauran numfashi a cikinsa. Idan aka dawo aka rubuta QUIT, to da mai zama a ciki ake, ya kwashe tabarmarsa. REMOVE kuwa ba ya jiran amsar kowa, katafila ce ke biye da shi. Dokar tsara birane mai lamba 88 ta 1992 ita ta shimfiɗa wannan tsani, daga umarnin tsayar da aiki zuwa sanarwar rushewa, Sashen Kula da Gine-gine na birnin kuma shi ke riƙe da gwangwanin fentin.

Amma sallamar farko a ƙasar nan ba da fenti aka yi ta ba. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya sanar da cewa za a bar Legas, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Kwana goma bayan haka aka kashe shi. Doka mai lamba 6 ta waccan shekarar ta yanko fili kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara, ta damƙa shi baki ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. Gwari, wato Gbagyi, da Koro da Gwandara da Gade da Bassa da sauran waɗanda suka binne kakanninsu a wurin suka wayi gari ƙasar ba tasu ba ce. Niyyar farko ita ce a kwashe kowa a kai shi wajen yankin. Da aka ƙirga mutane aka lissafa kuɗin diyya, sai gwamnatin Obasanjo ta sassauta a 1978, ta ce wanda aiki ya iso kansa kaɗai za a tayar. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse, kan hanyar Kaduna. Wasu ƙauyukan aka kai su Kubwa. Ko sunan garin aro ne. Abuja ta asali, wadda Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa wajen 1828, ita ce ta koma Suleja.

Taswirar birnin, wadda kamfanin International Planning Associates na Amurka ya miƙa a 1979, ta zana wurin komai: ma'aikatu, lambuna, hanyar ruwa, layin jirgi. An yi hasashen mutum miliyan 1.6, daga baya a kai miliyan uku da ɗoriya. Abin da ban taɓa gani a ƙasa ba shi ne inda mai kwaɓa siminti zai kwana. Mu da muka zo gina garin, bacha muka kafa da kwano da katako a bayan wuraren aiki. Da aka tare a hukumance ranar 12 ga Disambar 1991, ma'aikata suka kwararo daga Legas, gidajen gwamnati ba su isa ba. Sai masinja da direba da mai gadi suka bi sawunmu zuwa ƙauyukan Gwari, Karmo, Idu, Chika, Aleita, suka sayi fili a hannun masu unguwanni, da takarda rubutun hannu da shaidu biyu. A idon doka wannan takarda ba ta kai ta ƙunshin ƙosai ba, domin minista kaɗai ke ba da fili a Abuja.

Shekarun 1990 jan fenti ya yi arha. Ana rubuta shi da safe, mai gida ya shafe da yamma, aiki ya ci gaba. Manya ma sun yi nasu: an gina gidaje a kan bututun ruwa, an mai da lambuna filin shaguna. A lokacin, idan foman ya ce an sa ja, abin da muke fahimta shi ne za a yi kwana biyu ana ciniki.

Nasiru el-Rufa'i ya zama minista a 2003, kuma daga nan rubutun ya fara nufin abin da ya faɗa. Ba a banza aka laƙaba masa Mai Rusau ba. Ya kafa AGIS, aka shigar da filaye cikin kwamfuta, aka sa masu takardar mallaka su sabunta ta. Katafila ta shiga har Asokoro, ta taɓa ginin Ahmadu Ali, shugaban jam'iyyar da ke mulki a lokacin. Wannan kam ya burge mutane, har da ni. Sai dai wanda aka rushe wa gida ɗaya cikin biyar da wanda aka rushe wa ɗaki ɗaya tilo ba kukansu ɗaya ba. Na ga Karmo bayan an wuce ta kanta: katifu a kan tarin bulo, mata na tsintar kwanon rufi, gidajen 'yan asalin wuri tsaye jefi-jefi a tsakiyar kufai, don su an bar su sai an sama musu matsuguni. Wani rahoto da ƙungiyoyin COHRE da SERAC suka fitar a 2008 ya ƙiyasta waɗanda aka tayar tsakanin 2003 da 2007 da kimanin mutum 800,000. Ba gida suka koma ba. Mararaba da Masaka da Suleja da Madalla suka cika, kuma mutanen Mararaba da Masaka ne cunkoson da ke toshe hanyar Nyanya kowace asuba.

Mpape ce ta nuna ana iya ja da jan. A 2012, zamanin minista Bala Mohammed, aka ba mazauna can sanarwar tashi. Suka garzaya kotu, suka yi ta zarya har 2017, inda Babbar Kotun Birnin Tarayya ta ce tashin nasu ya saɓa doka. Tun da Nyesom Wike ya karɓi birnin a Agustan 2023 kuwa, gwangwanin ya sake fitowa, har da masu bashin kuɗin ƙasa a Maitama da Wuse ba su tsira daga barazana ba.

Sana'armu ta koyi zama da shi. A unguwannin gefe, ginin da ba shi da cikakkiyar takarda daren Juma'a ake fara shi, a yi ta zuba kankare Asabar da Lahadi, Litinin ta riske shi da rufi har da labule a taga, don an yi imani gidan da mutum ke ciki ya fi wuyar rushewa. Ranakun hutun Sallah da Kirsimeti kuɗin birkila tashi yake. Lebura kuma ba ya yarda da biyan mako a irin wannan aiki. Kullum yamma, kafin ya wanke shebur, sai an ƙirga masa nasa a hannu.