Karatun sarrafa bayanai a matsayin ƙaramin fanni ga ɗaliban kimiyya

A jami'o'in Amurka da Kanada, da wasu na Faransa a ƴan shekarun nan, ɗalibin da ke neman digirin farko yana iya riƙe fanni biyu a lokaci guda: babba, wanda shi ne asalin karatunsa, da ƙarami, wanda yake ɗauka a gefe. Da Faransanci ana kiran na farko majeure, na biyu mineure. Cikin ƙananan fannonin da ke jan ɗaliban kimiyya a yau akwai ilimin sarrafa bayanai, wato science des données: yadda ake tattara alƙaluma, a tsabtace su, a bincike su da kwamfuta, a fitar da amsar da za a iya dogara da ita. Ɗalibin ilimin halittu ko na aikin gona ko na ilimin ƙasa yana nan a fanninsa, sai dai ya ƙara darussan ƙididdiga da na rubuta umarnin kwamfuta.

Yadda tsarin yake

A Amurka digirin farko shekara 4 ne, kimanin kiredi 120, wato darussa wajen 40. Ƙaramin fanni yakan ci darasi 5 zuwa 7 daga ciki. Tsarin LMD da jami'o'in Nijar ke bi, tare da sauran ƙasashen UEMOA bisa umarnin da ƙungiyar ta fitar a 2007, ya bambanta: lisans shekara 3 ce, samesta 6, kiredi 180, kuma galibin darussan an riga an tsara wa ɗalibi su tun daga ranar rajista. Abin da ya fi kusa da ƙaramin fanni a wannan tsari shi ne darussan zaɓi. A Faransa kuwa wasu jami'o'i sun buɗe ƙofar sosai. A tsangayar kimiyya ta Sorbonne, ɗalibi na iya haɗa babban fanni da ƙarami daga shekara ta biyu, kuma tun 2020 mai bin shekarar shiga karatun likita ta PASS dole ya riƙe ƙaramin fanni a wajen kiwon lafiya, don ya samu madafa idan bai tsallake ba.

Shi kansa ilimin sarrafa bayanai sabon suna ne a kan tsohon aiki. Tun 1962 masanin ƙididdiga John Tukey ya nuna cewa binciken alƙaluma kimiyya ce mai cin gashin kanta, ba reshen lissafi kawai ba. A 2001 William Cleveland ya fitar da shawarar yadda za a faɗaɗa ƙididdiga ta zama wannan fanni. Amma shigarsa ajin ƴan shekarar farko ta zo ne daga baya. A 2015 jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta buɗe wani darasi mai suna Data 8, wanda ba ya neman komai daga ɗalibi sai lissafin lise. An fara da ɗalibai wajen ɗari, yanzu sama da dubu ke zama a kowane samesta. Littafin darasin, wanda malamai irin su Ani Adhikari da John DeNero suka rubuta, yana kan intanet kyauta, kuma jami'o'i da dama sun kwaikwayi tsarin. A 2018 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto da ke ba jami'o'i shawarar su samar da wannan karatu ta hanyoyi daban-daban, har da ƙaramin fanni.

Abin da ake koya

Darussan sukan kasu gida huɗu, kodayake ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai rubuta umarni, galibi da Python ko R. Dukansu kyauta ne, kuma suna aiki a kan tsohuwar kwamfutar hannu ba tare da intanet ba da zarar an saka su. Akwai ƙididdiga: yiwuwar aukuwar abu, zaɓen samfuri, gwada hasashe, da auna alaƙar abu biyu. Akwai ajiyar bayanai da yadda ake tambayar rumbunsu da SQL. Sai kuma gabatarwa kan yadda na'ura ke koyo daga misalai, wanda shi ne ɗalibai suka fi ɗoki a kai, shi ne kuma ƙaramin fanni ya fi taɓawa sama-sama. Yawanci ana rufewa da wani aiki da ɗalibi zai yi a kan alƙaluman fanninsa.

Abin da ba a cika tallatawa ba shi ne cewa mafi yawan lokacin yana tafiya ne a gyaran bayanai, aikin da ba shi da armashi ko kaɗan. A nan ne kuma ake gane amfanin haɗa fannin biyu a kai ɗaya.

A ɗauki ruwan sama. A 1988 M.V.K. Sivakumar, mai bincike a cibiyar ICRISAT ta Sahel da ke Nijar, ya fitar da ƙa'idar gane faɗuwar damana: rana ta farko bayan 1 ga Mayu da aka samu aƙalla milimita 20 cikin kwana 3 a jere, muddin ba a yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba cikin kwana 30 da suka biyo. Rubuta wannan ƙa'ida da Python aikin layi kaɗan ne, ɗalibin shekara ta biyu zai iya. Matsalar tana cikin rajistar. Idan mai kula da ma'aunin ruwa ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo kwana 10 a watan Yuni, sannan wanda ya shigar da rajistar cikin kwamfuta ya cika gurbin da sifiri, kwamfuta za ta ga fari inda ba a yi fari ba, ta tura farkon damana gaba da makonni. A wasu rumbunan kuma ana nuna gurbi da lamba kamar 999 ko -99, wanda bai sani ba sai ya haɗa ta cikin jimillar shekara. Gwanin kwamfuta da bai taɓa ganin gonar hatsi ba zai miƙa sakamakon hankalinsa kwance. Ɗalibin aikin gona kuwa zai tsaya, don ya san wannan kwanan wata bai dace da lokacin da aka yi shuka a yankin ba.

Ƙasashen da ke aiki da Faransanci suna da nasu tarkon. Ana rubuta 12,5 da waƙafi, alhali yawancin manhajojin suna jiran 12.5 da ɗigo, sai su ɗauki lambar a matsayin rubutu. Kwanan wata 03/07 a Yamai 3 ga Yuli ne, a fayil ɗin da ya fito daga Amurka 7 ga Maris. Garin da wani ya rubuta Tessaoua wani ya rubuta Tasawa, ko Guidan Roumdji da Gidan Rumji, kwamfuta gari biyu take lissafa su. Farashin da aka ɗauka da tiya sai an mayar da shi kilo, ita kuwa tiya awon cika ce ba ta nauyi ba, kuma ba ɗaya take a kowace kasuwa ba.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙasashe matalauta ne. A 2016 wasu masu bincike a Ostareliya sun duba dubban maƙalun kimiyyar ƙwayoyin gado, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na masu ɗauke da jerin sunaye a Excel suna da kuskure: manhajar ta mayar da sunan ƙwayar gado kamar SEPT2 zuwa kwanan wata, 2 ga Satumba. Abin ya kai a 2020 kwamitin da ke raɗa waɗannan sunaye ya sauya wa wasunsu suna gaba ɗaya. A wannan shekarar dai, a Ingila, mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona sun ɓace daga lissafin hukuma na wasu kwanaki, saboda an yi aiki da tsohon nau'in fayil na Excel da ba ya wuce layi 65,536. Waɗanda suka yi hulɗa da su ba a neme su a kan lokaci ba.

Darasin ƙididdiga kuma yana koya wa ɗalibi ya yi shakkar jimilla. Misalin da aka fi bayarwa daga Berkeley ɗin ya fito. A 1973 jami'ar ta karɓi kashi 44 cikin ɗari na mazan da suka nemi gurbin karatun gaba da digiri, amma kashi 35 kawai na mata. Da aka bi sashe-sashe, sai aka ga a yawancinsu ba a fifita maza ba. Matan sun fi neman sassan da guraben suka yi ƙaranci ga kowa. Irin wannan juyin na iya faruwa ga mai kwatanta asibitoci biyu da yawan mace-mace, alhali ɗaya ne ake kai wa marasa lafiyar da ciwonsu ya yi tsanani.

Iyakarsa

Darasi shida ba sa mayar da mutum ƙwararren masanin bayanai, kuma duk wanda ya sayar wa ɗalibi wannan fata ya cuce shi. Guraben aikin da ke neman gina manyan tsare-tsaren koyon na'ura sukan nemi mastar, da lissafi mai zurfi. Ɗalibin da ya gudu daga aljabara a shekarar farko zai sake tarar da ita tana jiransa a nan. Akwai kuma haɗarin rarrabuwar hankali: wanda babban fanninsa ke tangal-tangal, ƙarin kaya ba zai taimake shi ba, domin makin lisans ɗin ne ake fara dubawa wajen neman mastar ko tallafin karatu.

Ga ɗalibin lissafi ko na kwamfuta, ƙaramin fannin yakan maimaita abin da ya riga ya sani, gara ya ɗauki ilimin halittu ko tattalin arziki a gefe. Waɗanda suka fi cin riba su ne ƴan ilimin halittu, aikin gona, kiwo, muhalli, ilimin ƙasa da kiwon lafiyar jama'a, wato masu tara alƙaluma da yawa amma horonsu na ƙididdiga bai wuce darasi ɗaya ko biyu ba.

Inda ya shafi Nijar

Alƙaluman suna nan. Cibiyar AGRHYMET ta ƙungiyar CILSS tana Yamai tun 1974, tana bin ruwan sama da amfanin gona da makiyaya na yankin Sahel. Cibiyar ACMAD mai kula da yanayin Afirka ita ma a Yamai take. Hukumar ƙididdiga ta INS na riƙe da ƙidayar jama'a, ciki har da ta 2012 da ta ba da mutum sama da miliyan 17, tare da binciken rayuwar iyalai. SIMA na bin farashin cimaka a kasuwanni, cibiyoyin lafiya kuma na shigar da rahotanninsu cikin DHIS2. Daga waje, rumbun CHIRPS na ba da ƙiyasin ruwan sama tun daga 1981, kyauta, ga duk mai son kwatanta damanar Dakoro da ta Magariya. Duk waɗannan wurare, da INRAN da ƙungiyoyin agaji, suna buƙatar mutumin da ya san fannin kuma ya iya buɗe fayil ɗin.

Bayanan lafiya da na iyalai kuwa amana ce. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Cire suna daga fayil bai isa ba: a ƙaramin ƙauye, shekaru da jinsi da ranar zuwa asibiti sun isa a gane mace, shi ya sa tsarin karatu mai kyau ke ware darasi kan wannan.

Ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni, ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, ko Djibo Hamani a Tawa, yana iya haɗa wa kansa kwatankwacin wannan fanni ko da babu sunansa a takarda. Ya riƙe darussan ƙididdiga da na kwamfuta da ke cikin lisans ɗinsa da muhimmanci, ya zaɓi harshe ɗaya, R ko Python, ya zauna a kansa shekara guda, sannan ya nemi malamin da zai yarda aikinsa na ƙarshen lisans ya kasance a kan alƙaluma na gaske. Turanci na karatu dole ne, don yawancin littattafan da bayanin kurakuran manhaja da shi suke, kodayake dandalin FUN na jami'o'in Faransa na da darussan R da Python da Faransanci. Mai son zurfafawa bayan lisans yana da makarantun ƙididdiga na yankin, ENSEA a Abijan, ENSAE a Dakar da ISSEA a Yawunde, waɗanda ake shiga ta hanyar gasa, ko cibiyoyin AIMS, kamar ta Mbour a Senegal, inda waɗanda aka zaɓa ke yin mastar da cikakken tallafi.