Faifan Garmaho da Kiɗan da Ya Tsallake

A Aujara ta ƙaramar hukumar Jahun, idan aka ce yau a miƙo faifai, murfin ƙwarya za a kawo. Amma dattawan da suka yi samartaka tun kafin a yanke Jigawa daga Kano a 1991 sun san wani faifan daban, baƙi wuluk, mai sheƙi, wanda ake ɗora wa allura ya kama waƙa. Daga faifan ƙwaryar ya ari sunansa saboda kamanni, akwatin da ke juya shi kuwa aka kira shi garmaho.

Garmahon farko da hannu ake wana shi, faifansa kuma da ya faɗi ya fashe, gefe ɗaya bai wuce minti 3 ko 4 ba. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai ɗaukar kusan minti 20 a kowane gefe. Ko wannan ya yi wa makaɗin Hausa kaɗan. Mutumin da ya saba kwana yana waƙa a gidan biki, dole ya datse ta daidai bakin faifai.

Duk da haka manya sun shiga. Kamfanoni irin su EMI da ke Legas sun buga Mamman Shata da kalangunsa, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Mutanen wannan yanki kuwa suna da nasu abin tinƙaho, Haruna Uji na Haɗeja, mai gurmi. Sai dai kamfani ciniki ya fito yi, ya bi sunan da zai sayu a birni. Kiɗan da ya fi kowane zafi a karkara, wato gangar 'yan tauri da ke sa namiji ya yi tsuma ya ɗora wuƙa a cikinsa, da taken mafarauta, da garayar bori, yawancinsa bai ga allura ba. Ko Kassu Zurmi, gwanin waƙar tauri da farauta, ta rediyo da kaset aka fi saninsa. Ɗan abin da ya tsira, manazarta ne suka kwasa, kamar Ba'amurken nan David Ames wanda ya ɗauki kiɗe-kiɗe a ƙasar Zazzau wajen 1963 da 1964, aka buga su faifai biyu a Jamus ƙarƙashin UNESCO.

Da kaset ya zo da araha, garmaho ya koma ƙarƙashin gado.

A Turai kuwa masu kiɗan bayan fage ba su saki faifai ba. A 1987 ƙungiyar Napalm Death ta Birmingham a Ingila ta fitar da Scum, faifan da ya kafa salon grindcore mai ihu da ganga kamar ruwan ƙanƙara. Wata waƙa a ciki daƙiƙa ɗaya ce da 'yan kai. Ƙananan kamfanoni ne suka riƙe irin wannan kiɗa, suna buga kwafi kaɗan don masu so na haƙiƙa. Wani ƙaramin kamfani mai irin wannan tafiya, Sahel Sounds na Portland a Amurka, shi ya waiwayo ƙasar Hausa. A 2013 ya buga waƙoƙin finafinan Kano a faifai mai suna Harafin So, ya kuma farfaɗo da kiɗan da Mamman Sani na Nijar ya ɗauka tun 1978.

Abin da ke damun mai kishi shi ne makaɗan tauri da na farauta na ƙasar Jahun da Kiyawa suna tsufa, kowanne da take da kirarin da ba a rubuta ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse na kusa, wayar da ke ɗaukar murya tana aljihun kowane saurayi. Ya kamata a shiga ƙauyukan nan a ɗauki kiɗansu tun masu shi suna da ƙarfin riƙe makaɗi.