Shaidu Biyar na Alƙalin Tulus

Lambar da zan kawo tarihinta ita ce 4,294,967,297. Na fi shekara ina juya ta a raina, domin ita ce ta kunyata ɗaya daga cikin gwanayen lissafi na ƙarni na 17.

Pierre de Fermat ma'aikacin shari'a ne a birnin Tulus na ƙasar Faransa, lissafi kuwa sai in ya tashi daga aiki. Ya ɗauki jerin 2, 4, 16, 256, 65,536, inda kowace lamba sau kanta ke haifar ta gaba, ya ƙara wa kowacce ɗaya, ya sami 3, 5, 17, 257 da 65,537. Duka biyar ɗin marasa rabuwa ne, wato babu lambar da ke raba su ba saura sai ɗaya da su kansu. A 1640 ya rubuta wa abokansa cewa haka jerin zai tafi har abada. In an yi masa adalci, ya amsa da kansa cewa hujjar ba ta kammala a hannunsa ba. Duk da haka abin yana ba ni mamaki, a ce mutumin da ya ƙware wajen tantance shaida ya sakankance da shaidu biyar a shari'ar da shaidunta ba su da iyaka.

Ta shida a jerin ita ce lambarmu: 65,536 sau 65,536, a ƙara ɗaya. Fermat ya rasu a 1665 ba wanda ya ƙaryata shi. A 1729 Christian Goldbach ya tuna wa Leonhard Euler zancen a cikin wasiƙa, kuma a 1732, yana ɗan shekara 25 a birnin St. Petersburg na Rasha, Euler ya bayyana cewa 641 na raba ta.

Ba lalube ya yi cikin duhu ba. Daga baya ya nuna cewa duk lamba marar rabuwa da za ta raba wannan, dole ta zama ninkin 64 da ɗoriyar ɗaya. Nan take dubban lambobi suka fita daga zargi. Aka bar 193, 257, 449, 577, sai ta biyar, 641. Na zauna da alƙalami na yi rabon da hannuna, ko kwata na awa bai ci ba: 6,700,417, ba saura. Ita ma wannan marar rabuwa ce, don haka lambarmu tana ajin waɗanda marasa rabuwa biyu kacal suka haifa.

Tun daga ranar ba a sake samun marar rabuwa ko ɗaya a jerin ba, duk da kwamfutocin da aka saka a farautar. Duk waɗanda aka iya tantancewa bayan 65,537 sun rabu.