Daga Bisije Zuwa Ashaka: Baƙin Kamfanoni A Ƙasar Gombe

 Kwanan baya muna zaune a majalisarmu ta nan Federal Low-Cost ana ƙorafin tsadar siminti, sai wani yaro ya jefo tambaya, wai shin kamfanin Ashaka na wane ne? Wannan ya ce na gwamnati, wancan ya ce na Turawa, aka watse ba a daidaita ba. To, amsar tana da tsawo, kuma ta haɗa da dalilin zuwan iyayenmu ƙasar nan, shi ya sa muka ga ya dace mu warware ta.

Shi kansa garin Gombe ba tsoho ba ne. A 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta nan Doma daga Nafada. Ba a daɗe ba kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, suna sayen gyaɗa da fata da ƙiraga, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Amma abin da ya ɗaga garin shi ne auduga. Masaƙun Ingila na yunwarta, shi ya sa a 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta domin bunƙasa nomanta a ƙasashen da Ingila ke mulka. A 1956 aka buɗe injin gurzar auduga a Gombe, a unguwar da har gobe muke kira Bisije. Jirgin ƙasa kuwa ya iso a 1963.

Wannan ƙamshin kuɗi ne ya jawo da yawa daga cikin iyayenmu, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau. Wasu suka sari daji a kudancin masarauta wajen Kumo da Pindiga, wasu suka zama dillalai da masu awo, wasu direbobin manyan motoci. Har wata Baturiya, Mary Tiffen, ta wallafa littafi a 1976 a kan ƙwazon manoman Gombe. Sai dai mu lura da yadda cinikin yake. Manomi ya noma, hukumar ciniki ta yanke farashi, a gurje, a ɗaure dila, a loda a jirgi sai bakin teku. Daga baya ita dai audugar ta dawo mana a matsayin yadi, mu saya da tsada. Da aka rushe hukumomin ciniki a 1986, masaƙun Kaduna da Kano kuma suka yi ta rufewa, sai harkar ta durƙushe.

Kafin nan gwamnati ta yi yunƙurin mayar da arziki hannun 'yan ƙasa. Dokar Janar Gowon ta 1972 ta keɓe wa 'yan Nijeriya ƙananan sana'o'i, ta kuma ce a wasu manyan kamfanoni dole su mallaki kashi 40 cikin ɗari. Dokar 1977 ta Janar Obasanjo ta ɗaga wasu zuwa kashi 60. Shawara ce mai kyau, amma gaskiya ɗaya ce: masu ilmin boko da masu hannu da shuni ne suka kwashe hannun jarin. Akasarin 'yan kasuwarmu ba su ma san me ake sayarwa ba, tunda takarda ce, ba buhu ba. A 1995 gwamnatin Janar Abacha ta soke dokar, aka sake buɗe wa baƙi ƙofa baki ɗaya.

A cikin wancan zamani aka haifi Ashaka. An yi masa rajista a 1974, ya fara fitar da siminti a 1979, a yankin Funakaye kusa da Bajoga, inda dutsen da ake ƙonawa a yi siminti yake jibge. Haɗin gwiwa ne tsakanin hukumomin gwamnati da bankunanta da kamfanin Blue Circle na Ingila, wanda ya kawo injuna da ƙwararru. A 2001 Lafarge na Faransa ya haɗiye Blue Circle, Ashaka ya bi shi. A 2015 Lafarge ya haɗe da Holcim na Suwizalan. A ƙarshen 2024 Holcim ya ba da sanarwar sayar da kasonsa na Lafarge Africa, kusan kashi 84 cikin ɗari, ga Huaxin na ƙasar Sin, aka kammala cinikin a 2025. Kun ga ke nan, dutsen bai gusa daga Funakaye ba, amma akalarsa ta zaga Landan da Faris da Suwizalan, yanzu tana Sin, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya a Bajoga ba.

Kada kuma mu ɗauka baƙon kamfani daɗi kawai yake sha. Nijeriya babbar kasuwa ce, mutum fiye da miliyan 200, amma cin ta sai mai haƙuri. Wutar lantarki ba tabbas, shi ya sa Ashaka ya koma haƙar kwal a Maiganga cikin ƙaramar hukumar Akko, inda mutanen ƙauyen suka sha kai kuka kan gonaki da ruwan sha. Jirgin ƙasa ya kwanta, sai tirela. A 2014 'yan bindiga suka afka wa masana'antar har sau biyu. Ga kuma Naira: mai jarin da ya shigo da dala, in darajarta ta faɗi, ribar shekara sai ta narke kafin ya fitar da ita. Wannan na cikin abin da ya sa a 2023 GSK da Procter & Gamble suka ba da sanarwar naɗe tabarmarsu, su koma aiko da kaya daga waje.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Mu da muka san zaman baƙunta ba za mu zagi baƙo ba, don mu ma nema ya kawo mu, muka kuma zauna muka gina gidaje da makarantu, muka yi auratayya. Bambancin shi ne kamfani lissafi yake bi, ran da lissafin ya ƙi, sai ya ɗaure kayansa. Abin da ke zama shi ne wanda aka koya. Na Bisije ya wuce ya bar mana suna da tsofaffin sito. Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu, cikin yaran da take biya wa kuɗin makaranta a samu masu karanta aikin injiniya da akanta, a kuma gayyato wanda ya san hannun jari ya yi wa 'yan kasuwarmu bayani a taro mai zuwa. Dillancin buhu ba laifi ba ne, amma ya kamata jikokin masu awon auduga su wuce bakin sikeli.