Ƙa'idojin shigo da mota Saudiyya ta tashar Jiddah

Tashar jiragen ruwa ta Jiddah, wadda ba ta da nisa da tsofaffin unguwannin tsakiyar birnin irin su Ammariyya, ita ce babbar mashigar kayayyaki ta Saudiyya a gaɓar Bahar Maliya. Bahaushen da ke zaune a can, wanda ya saba ganin motocin tokumbo masu shekaru da yawa a Kano ko Maraɗi, zai tarar da doka mai tsauri idan ya yi niyyar yo odar mota daga Amurka ko Turai. Motar da ta saɓa ƙa'ida ba ta fita daga tashar, sai dai a mayar da ita waje, mai ita kuma ya ɗauki asarar.

Wace mota ce aka hana?

Tun shekarar 2009 Saudiyya ta hana shigo da ƙananan motocin hannu da suka haura shekara biyar. Haka nan ba a karɓar wadda ta taɓa yin mummunan hatsari, ko ta ƙone, ko ta nutse a ruwa, da wadda aka yi aikin tasi ko na 'yan sanda da ita.

Motar da sitiyarinta ke dama, irin na Ingila da Japan, ita ma ba ta shiga, ko da an mayar da sitiyarin hagu. Dole ne kuma mota ta dace da ma'aunin hukumar SASO, ciki har da na tsimin mai.

Wane ne ke da izini?

Baƙo mai takardar iƙama yana da damar shigo da mota ɗaya a cikin shekara uku, kuma ba zai sayar da ita ba kafin cikar wannan wa'adi. Ke nan dokar ta ba shi damar hawa ce, ba ta kasuwanci ba.

Nawa ake biya?

Hukumar zakka da haraji da kwastam, ZATCA, wadda aka kafa a 2021, tana karɓar kuɗin fito kashi 5 cikin 100. Bayan haka akwai harajin VAT kashi 15 cikin 100, wanda ya fara aiki a watan Yulin 2020, ana kuma lissafa shi ne bayan an haɗa da kuɗin fiton.

Alal misali, idan kuɗin mota da na dako da inshora sun kama riyal 100,000, za a biya fito 5,000 da VAT 15,750, ban da ladan wakilin fito da kuɗin ajiya a tasha.

Bayan an biya fa?

Kwastam za ta bayar da katin shaidar fito. Da shi ake zuwa gwajin lafiyar mota, a yi inshora, sannan hukumar kula da zirga-zirga ta ba da lamba da takardar rajista da ake kira istimara.

Saboda haka, kafin mutum ya tura kuɗi, ya kamata ya nemi lambar jikin motar ya binciki tarihinta da shekarar ƙirarta.