Wa Ke Biyan Mai Sa Ido?

A 2000 ina Sabo, Ibadan, muka ji Transparency International ta sa Najeriya a ƙarshe cikin ƙasashe 90. A majalisa muka ce sharrin Turawa ne.

Daga baya na bincika. Peter Eigen, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya, ya kafa ta a Berlin a 1993, har da Obasanjo cikin na farko. Ba ta kama kowa, rahotannin wasu cibiyoyi take haɗawa ta jera ƙasashe. Yawancin kuɗinta daga gwamnatoci da gidauniyoyi yake, kuma tana bayyana sunayensu.

Kuɗin ƙungiyar unguwarmu fa, wa ya taɓa ganin lissafinsa? Allah ya sa mu gyara.